Sai Tsohuwa Ta Karanta: Jinjina ga Madam Na'omi

Ƙarfe bakwai da kwata mobilet ɗinta, ɗan ƙaramin babur, take shigowa farfajiyar ofis. Ba ta taɓa riga mai gadi zuwa ba, darakta kuma bai taɓa riga ta ba, ko da yake wannan na biyun ba wani abin yabo ba ne. Takan jingine mobilet ɗin a gindin bishiyar bedi, wato dogon yaro, ta leƙo ɗakin ajiyar takardu inda nake zaune, ta ce, "Mushe, an tashi lahiya?" Har yau Mushe take ce mini, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, don na koyar a makaranta kafin a mai da ni mai gadin takardu. Nakan ce lafiya lau, tunda ba a amsa gaisuwa da gaskiya. Daga nan ta wuce ɗakinta.

A ɗakin akwai na'ura mai ƙwaƙwalwa guda biyu, waɗanda 'yan ofis suke ce wa odinatar. Ɗaya sabuwa ce, fara tas, mai gilashi mai launi. Ɗayar ta yi launin tsohon haƙori, rubutunta kore a kan baƙin gilashi, tana lulluɓe da ƙyallen atamfa da Na'omi ta ɗinka mata da hannunta. Ita ce Tsohuwa. Ita ake fara kunnawa kullum. Takan yi minti uku tana gurnani kafin ta farka, Na'omi kuwa tana zaune gabanta, hannu a cinya, kamar mai jiran surukarta ta gama alwala.

A ƙarshen watan nan Madam Na'omi, ɗiyar Filibus, za ta ajiye aiki bayan shekara ashirin da bakwai. Ni na riƙe dosiyenta, wato fayil ɗin takardun aikinta, shekara goma sha ɗaya, har na bar aiki bara, na kuma san abin da ke ciki takarda bayan takarda. Akwai takardar ɗaukarta a matsayin mai buga tafireta a 1972. Akwai hutun haihuwa uku. Sai takarda guda ɗaya tak da ta yi magana a kan aikinta, ita kuwa takardar gargaɗi ce. Da hannuna na huda ta na sa a ciki. Idan ta tafi a haka, wanda duk ya buɗe dosiyen nan bayan shekara hamsin abin da zai sani game da ita shi ne ma'aikaciya ce da ba ta jin magana. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Ofishinmu na wani shiri ne mai sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, ya canza suna sau huɗu ina ciki. A ƙarshen shekarun 1980 aka sayo wa babban ofishinsa na Yamai sababbin na'urori, sai aka tuna da mu, aka aiko mana da tsofaffin. Guda biyar aka rarraba wa ƙananan asibitoci na karkara, da faifan hasken rana da batir: wajen Kalfu, wajen Barmu, har can arewa wani gari da ake kira Intakana, inda gonar gero take ƙarewa kiwo ya fara. Ta shida ta tsaya a Tawa. A lokacin aka tura Na'omi Yamai koyon aiki na wata uku, don ita ce mai saurin yatsu. Ta dawo ta iya abin da ba a tura ta koyo ba, wato rubuta wa na'ura umarni.

Ga wanda bai sani ba, kamar yadda ni ma ban sani ba sai da ta zaunar da ni: na'ura ba ta yin komai sai an rubuta mata jerin umarni, layi bayan layi, da wani harshe da aka ƙera domin ta. Wannan jerin shi suke kira porogaram. Masu ƙera harshen kuwa ba sa zama. Bayan shekara biyu ko uku sukan fito da sabon zubi, su ƙara kalmomi, su taƙaita hanya. Na'urorinmu na karkara zubi na uku suka sani, ƙwaƙwalwarsu ba ta iya ɗaukar fiye da shi. Yamai ta riga ta koma na huɗu. Abin da na huɗu yake yi da kalma ɗaya, na uku sai an yi masa layi goma sha biyu. In ka ba shi kalmar da bai sani ba, ba ya tambaya, tsayawa yake yi cak.

Na'omi tana da wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kowane shafi ta raba shi biyu. A dama yadda sabon zubi yake faɗin abu, a hagu yadda za a faɗa wa tsohon ya gane. Komai ta rubuta, ta doguwar hanya take bi. Tana da doka guda kuma, wadda babu ita a kowace takardar ofis: babu disket, wato ɗan faifan da ake kwafe porogaram a kai, da zai fita daga Tawa zuwa karkara sai an gwada shi a kan Tsohuwa. Ɗanladi, direban motar ƙauye mai kai mana su arewa cikin gwangwanin shayi, yakan tsaya bakin ƙofa yana kaɗa makulli.

"Madam, fasinja na zagina."

"Su zage ka. Tsohuwa ba ta karanta ba tukun."

"Wagga tsohuwa taki ta hi kakata jinkiri."

"Kakarka ma jiranta kake in za ka ci tuwo. Zauna."

Sai ya zauna.

Na ga daraktoci bakwai a shekarun nan da kowa ya samu bakin magana. Daga Babban Taron Ƙasa na 1991 zuwa yau, duk sa'ad da aka yi sabuwar gwamnati a Yamai, mukan yi sabon darakta a Tawa, kowanne da jam'iyyarsa da kalmarsa. Wanda ya zo farkon 1995 kalmarsa zamani ce. Na karanta jawabai da yawa a rayuwata, na lura wanda ya fi ambaton gaba shi ne wanda bai taɓa zuwa Intakana ba. Tare da shi aka turo wani gwani daga babban ofis, da sabon porogaram na ƙidayar masu sanƙarau. Abu ne mai kyan gani, ba na musu. Akwatuna suna buɗewa a gilashi, launuka suna canzawa. An tara mu mun kalla, an yi tafi.

Na'omi ta ɗaga hannu ta ce, "Ranka shi daɗe, a ba ni shi kwana ɗaya in gwada ga waccan."

Gwanin ya dubi ƙyallen atamfa, ya ɗaga gefensa da yatsa biyu, ya yi dariya. "Madam, wannan ai gidan tarihi ya kamata a kai ta. An gwada shi a Yamai."

"Ga na'urar Yamai anka gwada shi. Na ƙauye ƙannen wagga ne."

"Harshe ɗaya ne, Madam. Kada ki damu kanki."

Darakta ya ce babu lokaci. A ranar aka rarraba disket biyar ɗin daga jakar gwanin, ba su ko shiga ɗakinta ba. Aka kuma karanta mana sabuwar doka: daga yanzu Yamai ba za ta karɓi ƙidaya a kan takarda ba, sai ta disket. Allurar rigakafi kaɗan ce a ƙasar, saboda haka motar rigakafi ba za ta je ko'ina ba sai inda jerin da na'ura ta fitar ya nuna masu cutar sun haura wani adadi a mako. Washegari gwanin ya koma Yamai.

Zafi ya shigo, sanƙarau ya shigo tare da shi, kamar yadda duk wanda ya rayu a shekarar zai tuna. Asibitoci huɗu na kusa sun gane sabon abin ba ya aiki tun makon farko. Malamansu suka riƙa hawo babur suna zuwa Tawa da rajistarsu a hammata, a shigar musu a sabuwar na'ura, kowa yana ɗauka tasa ce ta lalace. Intakana ba ta da wannan gata. Tafiyar wuni ce, lokacin kuma hanyar arewa ba ta da tabbas saboda tawaye, motar ofis ta daina zuwa, rediyon asibitin ya mutu tun bara. Majo Aghali, babban malamin jinyar wurin, shi kaɗai ne da ungozoma ɗaya, ba ya iya barin majinyata. Disket ɗinsa yana zuwa kowace Laraba cikin gwangwanin Ɗanladi, ba a kuma buɗe shi a Tawa, ana wucewa da shi Yamai, don haka sabon tsari ya ce. Jerin da ya dawo mana a mako na uku ya nuna Intakana: sifili, sifili, sifili. Darakta ya nuna mana shi a taro a matsayin misalin tsabta.

Ran Alhamis ɗin nan Na'omi ta shigo ɗakina ba gaisuwa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mushe, hiddo mini takardun Intakana na watan uku, shekara biyar baya."

Na fiddo. Babu shekarar da ta kasa mutum shida. A ƙarƙashinsu kuma akwai ambulan biyu na Majo Aghali, na makonni biyun da suka wuce, ba a buɗe ba. A bayan kowanne darakta ya rubuta da jan biro a ajiye. Ni kuwa na ajiye. Shekara talatin ina karanta duk takardar da ta faɗo hannuna, har wadda aka ƙunshe ƙosai a ciki, amma waɗannan biyun ban buɗe ba, don ba sunana ne a kai ba. Na faɗi wannan ne don kada a ce na wanke kaina.

Ta yage bakin na farko ta karanta a tsaye. Aghali ya rubuta cewa sabon porogaram yana tsayawa kafin ya kai ga wurin shigar da lamba, yana aiko da disket ɗin yadda yake don a duba, ga kuma ƙidayarsa da hannu. Na'urar Yamai da ta tarar da wurin babu komai, sai ta lissafa shi sifili. A gurinta, wanda bai yi magana ba da wanda ba shi da ciwo duk ɗaya ne.

Ɗanladi yana waje yana zuba wa mota ruwa. Ta kira shi ta taga. "Mi kake kaiwa arewa kwanakin ga?"

"Shinkahwa, shayi, sukari." Ya ajiye bokitin ruwan. "Da alawayyo. Sawu ukku ke nan ina kai bandir. Ba na riga ba ne, Madam, na likkafani ne."

Ta ɗauko kwafin sabon porogaram ta sa wa Tsohuwa. Muna tsaye mu uku. Ta yi gurnaninta, ta rubuta layi ɗaya kore, ta tsaya. Aikin minti huɗu, wanda aka ce babu lokacinsa.

Ina bayanta ta shiga wurin darakta da wasiƙun. Ba mugun mutum ba ne, matsoraci ne, ni kuwa ban taɓa ganin bambancin a maƙabarta ba. Ya buga waya Yamai, aka ce gwanin yana wani taro a ƙasar waje, sai bayan mako uku. Ya tambaya ko za a karɓi ƙidayar Aghali a takarda, aka ce doka ta hana, kuma ba a shigar wa asibiti a na'urar Tawa sai malaminsa ya zo da rajistarsa da kansa. Ya ajiye waya ya ce a jira.

"Ranka shi daɗe, ina iya gyara shi."

"Madam, an rubuta a jikinsa kada a taɓa. Ba naki ba ne, ba nawa ba ne."

"To na wa ne? Waɗanda anka yi shi dominsu suna can ana yanka musu alawayyo."

"Ban ba ki izini ba."

"Na ji," in ji ta. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Juma'a da Asabar ta yi su a gaban na'urori biyun, littafinta a buɗe. Layi ɗari takwas da wani abu ne, ta bi su ɗaya ɗaya. Duk inda gwanin ya yi amfani da sabuwar kalma, ta warware ta zuwa tsohuwar hanya. Ta cire akwatuna da launuka. Wahalar ba a nan kaɗai take ba: dole ya yi aiki a tsohuwar na'ura, abin da ya fitar kuma dole sabuwar ta Yamai ta karɓa ba tare da ta ga bambanci ba. Sau biyu wuta ta ɗauke ta tafi da aikin sa'a guda. Ba ta yi tsaki ba, ta sake. Ta ƙara abu guda da ba a sa ta ba: in wurin lamba babu komai, na'ura ta ƙi rufe aikin, ta rubuta cewa ba a amsa ba. Ran Lahadi, ita da ba ta fashin coci ko da zazzaɓi, ƙararrawa ta kaɗa tana ofis. Mijinta Daniyel ya zo da rana da kwanon abinci, ya tsaya bakin ƙofa cikin kayan cocinsa.

"Fasto ya tambaye ki."

"Ka ce mai ina wurin maras lahiya."

Ya dube ni, ya dubi Tsohuwa, ya ajiye kwanon ya tafi. Wajen la'asar ta kira ni. Rubutu kore yana gangarowa har ƙasa, bai tsaya ba. Ta ce, "Ta karanta."

Ran Litinin ba ta ba Ɗanladi gwangwani ba, kanta ta ba shi. Ta ce in wani abu ya sake tsayawa a can, babu mai gyarawa sai ita. Ɗanladi ya shaida mini sa'a tara suka yi, da shingen sojoji huɗu, ita tana tsakanin buhunan sukari da bandir na huɗu, gwangwanin a cikin zanenta saboda zafi kada ya lalata disket. Majo Aghali kuwa, da ya zo Tawa bayan damina, ya ce da ya ga mace ta sauko daga motar kasuwa tana tambayar ina na'ura, ya ɗauka zafin rana ne ya taɓa shi. Majinyata suna kwance a ƙarƙashin rumfunan tabarma har bayan katanga. Shi yana karanto rajista, ita tana bugawa. Mutum arba'in da bakwai a mako uku, sha ɗaya sun riga sun rasu.

Disket ɗin ya isa Yamai, na'ura ta karɓe shi ba gardama. Kwana takwas bayan haka motar rigakafi ta shiga Intakana, ta bi rijiyoyi da zangon makiyaya. Ba zan ce an ceci kowa ba. Mutum ashirin da tara aka binne a can kafin ruwa ya sauka. Nawa ne ba a binne ba saboda ita, babu rajistar da take riƙe wannan.

A watan biyar takarda ta zo daga Yamai ta hannun darakta. Na haddace ta. Ta ce Madam Na'omi ta sauya kayan aikin shiri ba da izini ba, ta kuma bar wurin aikinta kwana uku ba da takardar tafiya ba. Duka biyun gaskiya ne. Saboda ita aka tsallake sunanta a ƙarin girma na shekarar, da na bayanta. Gwanin ya dawo, ya kwafi gyararren porogaram ɗin ya tafi da shi, na kuma ga rahotonsa na ƙarshen shekara, shafi sittin, inda ya bayyana yadda aka daidaita tsarin da yanayin karkara. Aka daidaita. Na nemi wanda ya daidaita har shafin ƙarshe, ban same shi ba.

Kada wani ya ce ina yabonta don ta ceci nawa. Matata Rakia ta rasu da wannan cuta a watan huɗu na shekarar, a nan cikin Tawa, tafiyar minti goma daga asibiti, cikin kwana biyu. Babu disket da zai hana. Manyan ofis sun zo gaisuwa, sun faɗi abin da ake faɗa, sun duba agogo. Na'omi ta zauna cikin mata kwana uku tana tuƙa tuwon baƙi. Ran da na koma aiki ta leƙo kamar kullum, ta daɗe a bakin ƙofa, sannan ta ce, "Mushe, ni na shigar da ita cikin ƙidaya da hannuna. Na duba sau biyu." Cikin dukan ta'aziyyar da aka yi mini, ita kaɗai ce na yarda da ita.

Na'omi, ke ce mai jiran na baya. A ƙasar da kowa yake gudu ya kamo wanda ya fi shi, ke kika juya kika tambayi mafi rauni ko ya ji abin da aka ce. Ke ce kika ƙi yarda a ɗauki shirun mutum a matsayin lafiyarsa. Shekara huɗu bayan takardar nan an fito da zubi na biyar, kin sayi littafi na biyu da kuɗinki, kin raba shafi gida uku, ba ki fasa ba ko sau ɗaya. Ba ki taɓa yi mini ƙorafin gargaɗin ba. Da na tayar da maganar wata rana, cewa kika yi, "Ai na taɓa shi, Mushe. Ba ƙarya sunka yi ba." Ni na riƙe miki fushin, tunda ke ba ki da lokacinsa.

Yanzu an ce za a kawo wa dukan asibitocin karkara sababbin na'urori, saboda haka za a kai Tsohuwa sito. An faɗi haka a 1996, an sake faɗa a 1998. Ta Intakana tana nan yadda take, Majo Aghali yana share mata faifan rana kowace safiya. Wadda za ta gaji kujerar, Malama Shamsiya, ta fi Na'omi karatu nesa ba kusa ba, na kuma ji an ce tana da hankali. Roƙona gare ta guda ne: kada ki bar ƙyallen nan ya fita daga ɗakin sai ran da kika ga sabuwar na'ura a Intakana da idonki. Ku ma sauran, masu rubuta doka da masu tsara fom da masu shirya darasi, kowannenku yana da tasa tsohuwar a wani lungu, wadda ba ta san sabuwar kalmarku ba kuma ba za ta yi ƙara ba. Ku je ku karanta mata kafin ku yi tafi.

Mun gode, Madam. Na gode a madadin mutanen da ba su san sunanki ba, da 'ya'yan da suka shiga makaranta a Intakana bana. Allah ya ba ki hutu mai tsawo, ya bar ki da Daniyel da jikokinki.

Saura abu ɗaya. Dosiyenta yana cikin kabad na biyu daga taga, layi na uku, mai koren bango da aka ɗaure da igiya. Ba ni da ikon cire takardar da ke ciki, ba kuma zan cire ba ko ina da shi, don gaskiya ta faɗa. Wanda yake zaune a kujerata yanzu, ka yanke wannan shafi daga jarida, ka huda shi, ka sa shi a kan waccan. Kafin ka sa, ka karanta.